Me ya sa wani yanki ya fi wani fama da kashe-kashe? Tambayoyi da amsoshi kan Jihar Katsina

Daga birnin Katsina zuwa Daura tafiyar kimanin kilomita 80 ce, zuwa Batsari kuwa ba ta ma kai haka ba. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, gwamna ɗaya. Amma direban da zai ɗauki hanyar Daura bayan isha'i ko waiwaye ba ya yi, shi kuwa na Batsari ya shafe shekaru yana lissafin ya shiga gari tun rana na sama. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan bambanci.

Da gaske akwai bambancin, ko dai surutun mutane ne?

Akwai shi, har taswira gare shi. Jihar na da ƙananan hukumomi 34 a shiyyoyi uku: Katsina, Daura da Funtuwa. Takwas ɗin da aka daɗe ana kira na bakin daga su ne Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume. Idan ka bi su da yatsa daga arewa zuwa kudu, za ka ga layi ɗaya suka yi: gefen yamma inda jihar ta yi iyaka da Zamfara, sai kusurwar kudu da ke duban ƙasar Birnin Gwari ta Kaduna. Daga baya abin ya malalo gabas, ya taɓa Dutsin-ma, Kurfi, Matazu, Musawa, Malumfashi, Bakori, Ƙafur da Funtuwa. Harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a watan Agustan 2025, a ƙasar Malumfashi aka kai shi, wadda ba ta cikin takwas ɗin farko.

Sai dai a rarrabe, domin cutar ba iri ɗaya ba ce. A yamma, fashin daji ne: satar shanu, garkuwa da mutane, ƙone rumbuna. A cikin birane kamar Katsina da Funtuwa, faɗan kauraye ne da ƙwacen waya. A ƙasar Daura, wato Daura, Ɓaure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, abin da aka fi sani shi ne rikicin manomi da makiyayi lokacin kaka, fashi jefi-jefi, da safarar mutane ta kan iyaka. Wanda ya tattara su wuri ɗaya ya kira su "rashin tsaro" ba zai gane sanadin ko ɗaya ba.

Yaya ake auna yawan ta'asa a wuri?

Ana ɗaukar adadin waɗanda aka kashe a shekara guda, a raba da yawan mutanen wurin, sannan a ninka sau 100,000. A ɗauka ƙaramar hukuma mai mutum 200,000 ta rasa mutum 40: 20 ke nan a cikin kowane 100,000. Birni mai mutum 600,000 ya rasa 60: 10 ke nan. Gawa ta fi yawa a birnin, amma haɗarin da ke kan mutumin ƙauyen ya ninka na ɗan birni. Da wannan ma'auni hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun laifuka ta ƙiyasta cewa a 2021 matsakaicin duniya ya kai 5.8, nahiyoyin Amurka 15, Afirka kusan 13, Turai da Asiya kuwa ɗan sama da 2.

Wurare uku lissafin kan karkace a nan gida. Na farko, ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2006, lokacin da aka ƙirga mutum miliyan 5.8 a jihar, duk abin da ya biyo baya ƙiyasi ne. Na biyu, gudun hijira: ƙauyen da rabin mutanensa suka koma Batsari ko Katsina, in ka raba da tsohon adadinsu, sai haɗarin ya fito ƙasa da yadda yake. Na uku, wanda aka harba a ƙauyen Safana ya cika a asibitin Katsina, sau da yawa a Katsina za a rubuta mutuwarsa. Kuma a ƙaramin wuri hari guda kan tayar da lissafin shekara sama, don haka a haɗa shekara uku a ɗauki matsakaici kafin a yanke hukunci.

To me ya sa alƙaluman 'yan sanda kan nuna Legas ce kan gaba?

Domin littafin caji ofis yana ƙirga ƙarar da aka kai ne, ba laifin da aka aikata ba. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2017, fiye da kashi ɗaya bisa uku na laifukan da aka rubuta a Najeriya daga Legas suka fito. A can ofishin 'yan sanda na kusa, kuma mutum na buƙatar takardar rahoto don banki ko kamfanin inshora.

Mutumin ƙauyen Faskari fa? Ofishin na iya yin nisan tafiyar awa guda a kan babur, ta hanyar da ita kanta abin tsoro ce. Dangin wanda aka sace suna gudun labari ya koma daji cewa sun kai ƙara, a huce a kan ɗan'uwansu. Fyaɗe kuwa rufe shi ake yi don gudun abin kunya. Ko kisa, wanda ya fi kowane laifi wuyar ɓoyewa, yakan wuce ba a rubuta ba, tunda ana sallar gawa a rufe ta a ranar, ba tare da takardar likita ba.

Da Hukumar Ƙididdiga ta bi gida-gida tana tambaya, a binciken da ya shafi Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024, sai hoton ya juye: Arewa maso Yamma ce ta zo kan gaba, kuma a cikin gidaje 100 da aka yi wa fashi, kimanin 36 ne kawai suka kai ƙara. An yi ta gardama a kan girman wasu alƙaluman binciken, musamman na garkuwa da mutane, amma batun rashin kai ƙara babu mai musunsa. Mai son kusantar gaskiya ya jera abu uku: littafin 'yan sanda, rajistar asibiti, da lissafin dagatai da limamai. Inda suka saɓa, a nan aikin yake.

Ba talauci ne tushen komai ba?

Da shi kaɗai ne, da Jigawa ta riga kowa kamawa. A ƙididdigar talauci ta 2022, wadda ta ce mutum 63 cikin 100 na 'yan Najeriya na cikin ƙunci, Jigawa na sahun gaba, amma tana cikin jihohin Arewa maso Yamma da suka fi zaman lafiya. A cikin Katsina ma haka abin yake. Ƙasar Daura jigawa ce, ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Shiyyar Funtuwa na samun kusan 1,000, ƙasar masara ce da auduga da waken suya, ga manyan kasuwannin hatsi irin na Ɗandume da Bakori. Ɗan fashi inda akwai abin ɗauka yake zuwa.

Abin da talauci ke yi shi ne samar da 'yan aike: yaron da zai kai burodi da fetur daji, da wanda zai sayar da labarin maƙwabcinsa a kan 'yan dubbai. Yana sauƙaƙa ɗaukar ma'aikata, amma wasu abubuwa ne ke zaɓen wurin da za a kafa daba.

Mece ce rawar daji a ciki?

Ita ce babba. Dajin Rugu ya taso daga wajen Jibiya, ya ratsa Batsari da Safana zuwa Ɗanmusa, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara ta ɓangaren Zurmi. Ta kudu kuma Faskari da Sabuwa na da hanyar zuwa Kuyambana da Kamuku. Garkuwa da mutane sana'a ce mai buƙatar wurin ajiya. Sai an samu inda za a tsare mutum mako uku ko wata uku, da ruwan sha, da inuwar da za ta ɓoye hayaƙi da babura daga jirgin sama, da nisan da ihu ba zai kai kunnen kowa ba. Shanun sata ma sai da makiyaya da mashaya kafin a samu dillalin da zai shigar da su kara. Daji ya tanadi duk wannan.

Ga kuma yanayin ƙasa. Duwatsun wajen Safana da Batsari na ba mai gadi damar hango ƙurar mota tun daga nesa. Koramu da kwazazzabai kan tsayar da motar jami'an tsaro, babur kuwa ya wuce, ɗauke da mutum uku, biyu da bindiga. Sannan iyakar jiha: jami'in da ya biyo sawu daga Ƙanƙara yana da inda hurumin rundunarsa ya ƙare, ɓarawo kuwa ba shi da shi. Ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe ranar 11 ga Disamba 2020, cikin dajin Zamfara aka kora su, ta can kuma aka karɓo su bayan kwana shida.

A ƙasar Daura gona ta haɗe da gona, ƙauye na hango ƙauye, da rani fili ne fetal. Ayarin babura talatin ba zai yi tafiyar minti goma ba sai labari ya riga shi. Ko da aka sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa ranar 1 ga Mayu 2019, ba a kusa aka iya ajiye shi ba. A wani gida a wajen birnin Kano aka kuɓutar da shi bayan wata biyu.

Amma fa a tuna, Rugu ya daɗe a wurin, kakanni sun yi kiwo da farauta da saran itace a cikinsa lafiya lau. Abin da ya canza shi ne hukuma ta janye ƙafa: malaman daji da masu gadin gandu suka ƙare ba a maye gurbinsu ba, madatsun ruwa da makarantun da aka yi wa makiyaya suka lalace. Wurin da hukuma ta bari, mai bindiga ya zama hukuma.

Ai Daura ma tana kan iyakar Nijar. Me ya bambanta ta da Jibiya?

Abin da ke bayan iyakar. Ta Jibiya, hanya ta bi Magama zuwa Maraɗi, kuma dajin da ke wannan gefen ya zarce har ƙasar Madarumfa, don haka mai laifi na tsallakawa daga duhu zuwa duhu, mutanen can ma suna ɗanɗana kuɗarsu. Ta Kwangwalam, hanyar Matamaye da Damagaram ce, gonaki ne da garuruwan dangi a kowane gefe. Makamai sun ƙaru a yankin Sahel tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, kuma suna iya shigowa ta ko'ina, amma inda mai saye yake nan suke sauka.

Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo juyin mulkin Nijar na 2023, a ganinmu sun bar baya da ƙura. An kulle ƙofa, sai hanyoyin ɓarauniya suka yawaita, matasan da suka rasa dako da lodi suka koyi bin su da buhun shinkafa da jarkar fetur. Hanyar da ta ɗauki shinkafa ba ta ƙin ɗaukar harsashi.

Wasu na cewa albarkacin marigayi Buhari ne Daura ta zauna lafiya.

Zamansa a kan mulki daga 2015 zuwa 2023 ya kawo wa garin ƙarin sojoji da cibiyoyin gwamnati, wannan gaskiya ne. Amma Daura ba ta da fashin daji kafin ya hau, ba ta kuma same shi ba bayan ya sauka. Yana kan mulki aka sace Magajin Gari, yana cikin Daura aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara. Ɓaure da Mashi da Dutsi ba su da barikin da Daura ke da shi, su ma dai sun fi yamma kwanciyar hankali.

Yaya abin ya faro a yamma?

A hankali ya taru. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe makiyaya da burtali, amma kaɗan aka yi wa rajista aka kafa musu duwatsun iyaka. Jama'a ta ƙaru, aka nome burtali, aka yanka gandun daji aka raba wa masu hali. Saniya ba ta da ta bi sai ta gona, daga nan sai ɓarna, sai ƙara. A gaban wasu alƙalai da jami'ai, makiyayi ya zama abin tatsa: ɓarnar buhu biyu a ci shi tarar sa guda. A wannan tsakanin ikon sarakuna ya ragu, tun daga karɓe 'yan doka da kotunan En'e, wato hukumar gargajiya, a ƙarshen shekarun 1960 zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Soke jangali da haraji a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979 ya sauƙaƙa wa talaka, amma ya tafi da wani abu da ba a lura da shi ba: rajistar da dagaci da arɗo ke riƙewa ta wa ke ina, da shanu nawa.

Sai satar shanu ta zama ta ƙungiya da manyan bindigogi. Makiyaya ne suka fara ɗanɗanawa, kuma wanda aka raba da garkensa ba a bi masa haƙƙi ba, yakan ga bindiga ce kaɗai mafita. Ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai, wasunsu suka shiga kashe duk Bafulatanin da aka zarga, har a tsakiyar kasuwa, ba shari'a. Ramuwa ta biyo ramuwa. A watan Maris na 2014 an kashe gomman mutane a ƙauyukan Faskari da Sabuwa cikin 'yan kwanaki. Da shanu suka yi ƙaranci, aka gano mutum ya fi saniya kuɗi kuma ba ya buƙatar dillali, sai aka koma garkuwa. Yau mafi yawan abin kasuwanci ne, ko da an fake da tsohon ƙorafi.

Ke nan halin wata ƙabila ne?

A'a. Akwai Fulani makiyaya a Mai'aduwa da Zango da Ingawa, suna cin kasuwa ɗaya da manoma. Rugagen yamma suna cikin waɗanda aka fi sace wa dukiya. A cikin masu kai wa daji labari da fetur da magani kuwa, Hausawan cikin gari ba su da adadi. Abu ɗaya da alƙaluman duniya suka tabbatar a ko'ina shi ne jinsi da shekaru: kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake zargi da kisa maza ne, kusan kashi 80 na waɗanda ake kashewa ma maza ne, kuma matasa suka fi yawa.

Me ya sa ake ta afka wa ƙauye ɗaya, na kusa da shi kuwa shiru?

Da ɗan gari akan ci gari. Mahara ba sa shiga a makance, sai an faɗa musu wa ya sayar da masara, ɗan wa ya turo kuɗi daga Legas, wane dare 'yan banga suka tafi jana'iza. Ƙauyen da ke da rigimar sarauta ko ta gado ko ta siyasa ya fi saurin samun infoma. Bayan haka sai a duba ko yana kan hanyar da suke bi zuwa wani wuri, ko yana da mashigi da yawa, ko ya taɓa kashe musu mutum, da kuma minti nawa jami'an tsaro ke ɗauka kafin su iso. Hari kan ɗauki awa ɗaya ko biyu. In agaji sai ya yi awa uku a hanya, sai dai ya tarar da jana'iza.

Shirun maƙwabcin ma a bincike shi. Wani ƙauyen yana biyan harajin noma ne, ko yana yi wa wani ƙasurgumi aikin gayya a gona. A takarda yana cikin masu zaman lafiya.

Kauraye fa? Su ba su da daji.

Nasu dajin shi ne lungu mara fitila da kango. Kowane birni da sunan da yake kiransu: 'yan daba a Kano, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan kalare a Gombe, 'yan shila a Yola, kauraye a Katsina. Makaminsu adda ne da wuƙa da gora, shi ya sa raunuka ke yawa, mutuwa ba ta kai ta daji ba. Faɗansu na tashi lokacin zaɓe, sa'ad da 'yan siyasa ke ɗaukarsu haya, da lokacin hawan sallah, bikin aure da wasan ƙwallo. In zaɓe ya wuce kuɗi ya yanke, sai a koma ƙwacen waya.

A birni bambancin ba na unguwa da unguwa ba ne kawai, har na layi da layi. Wani bincike da aka wallafa a 1989 kan birnin Minneapolis na Amurka ya gano rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda daga kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin yake fitowa. Duk mai unguwa a Katsina zai iya lissafa nasa wuraren da yatsun hannu ɗaya. Fitila mai aiki da hasken rana a waɗannan wurare, da sintiri daga magariba zuwa sha ɗayan dare, sun fi kamen kan mai uwa da wabi amfani. Ga masu waya: a danna *#06#, a rubuta lambar da ta fito a ajiye a gida tare da rasit. Ba tare da ita ba, ko an kama wayar a kasuwa, tabbatar da mai ita na da wuya.

Ƙwaya ce ke sa su?

Tana ƙara rashin imani a lokacin aikatawa, kuma tramadol da wiwi na cikin kayan da ake kai wa daji. Sai dai binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya nuna Kudu maso Yamma ce ta fi yawan masu sha, kimanin 22 cikin 100, Arewa maso Yamma kuwa 12. Ana shan ta a Daura kamar yadda ake sha a Ɗanmusa.

Matakan da aka ɗauka a 2021 sun rage abin?

A ƙarshen Agustan shekarar, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da Charanchi da Mai'aduwa, ta hana sayar da fetur a jarka da ɗauko itace daga daji a manyan motoci, ta taƙaita hawan babur da dare. A watan Satumba aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, sai a Disamba aka fara maidowa.

Dabarar ita ce a yanke wa daji abinci da mai da hanyar cinikin fansa, kuma da farko sun ji jiki. Inda aka samu tangarɗa: ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran agaji, su kuwa mahara suka koma hawa duwatsu neman layi ko amfani da layukan Nijar. Fetur ya yi tsada a daji, ribar kai shi ta ƙaru. Wasu suka fara karɓar fansa da buhun hatsi da babur. Matsin ya kuma tura wasu dabobin 'yan bindiga gabas, zuwa wuraren da ba a shirya musu ba. Rahotannin hare-hare sun ragu a jaridu a watannin, amma wurin da babu waya ai labarinsa ba ya fita.

Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta bi wata hanyar a Oktoban 2023, ta ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan asalin yankunan, kusan mutum 1,500 a kashin farko. Amfaninsu sanin hanya da saurin isa. Haɗarin kuwa shi ne a maimaita kuskuren 'yan sa-kai, in ba a tilasta miƙa duk wanda aka kama ga 'yan sanda da kotu ba.

Sulhu na rage kashe-kashe?

Yana ragewa a inda aka yi shi, na wani lokaci. Gwamnatin Masari ta gwada har sau biyu, na biyun a 2019, daga baya ta janye tana cewa an ci amanarta. A 2025 al'ummomin Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da wasu suka ƙulla nasu, aka saki mutane, kasuwanni suka farfaɗo. Wanda ya shekara biyar bai shiga gonarsa ba, ba a yi masa wa'azi a kan illar sulhu.

Mai lissafi dai ya yi tambaya huɗu. Bindiga nawa aka miƙa, kuma wace iri? Wane ne ya sa hannu, tunda dabobin ba su da shugaba ɗaya, wani ya rantse wani ya ce ba da yawunsa ba? Me aka tanada ranar da aka saɓa? Sannan me ke faruwa a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka? In Safana ta yi sanyi Matazu ta ɗau zafi, lissafin jiha bai motsa ba.

Akwai lokacin da ya fi haɗari?

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, dawa da masara sun yi tsayi, ciyawa ta rufe hanya, koramu sun cika, manomi kuma yana gona shi kaɗai. Da kaka kuɗi sun shigo hannu, rumbu ya cika, a lokacin ne kuma garken da ke gangarowa daga arewa ke tarar da wake da gyaɗa ba a gama kwashewa ba, abin da ke haddasa yawancin rikicin shiyyar Daura. Sanar da ranar sakin gona tun da wuri, da zaman hakimi da arɗo da shugabannin manoma kafin a fara girbi, na kashe mafi yawansa. Daren ranar kasuwa ma a kula da shi.

In abu ya faru, me ya kamata a yi don a ceci rai kuma a shiga lissafi?

A fara da jini. A danne rauni da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga ana leƙawa, in ya jiƙe a ɗora wani a kai. Kada a zare wuƙa ko a tono harsashi, kada a zuba toka, ƙasa ko man birki. A kira 112 ko lambar baturen 'yan sandan yankin, wadda ya kamata kowane mai unguwa da limami su riƙe. Dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba nan take, ba sai da takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti kafin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki, kuma kada a wanke tufafin da ke jikinta.

Bayan haka a kai rahoto, a tabbata an shigar da shi littafi, a rubuta rana da sunan jami'in da ya karɓa. A matakin gari, dagaci ko magatakardansa ya riƙe littafi guda mai layi bakwai: rana, lokaci, wuri, abin da ya faru, adadin waɗanda aka kashe ko aka raunata ko aka tafi da su, dukiyar da aka ɗauka, da lokacin da agaji ya iso. Kada a rubuta sunan wanda ake zargi da zama infoma a ciki, domin littafi na iya faɗawa hannun kowa, zargi kuma ya sha jawo kisan wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan a kai shi da baki ga jami'in da aka amince da shi. A ƙarshen kowane wata a miƙa kwafi ga hakimi da kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma, a bar asalin a gari.